Kifin Shak a Cikin Falo: A Auna Ruwa Kafin a Sayi Kifi

Gabatarwa

Wata sabuwar sha'awa ta shigo garuruwanmu ta cikin wayar hannu. Matasa a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi suna kallon bidiyon gidajen attajiran ƙasashen waje, inda ake ganin kifin shak yana shawagi a cikin tankin gilashi a tsakiyar falo. A kantunan kifin ado na manyan birane kuma akwai wasu 'yan ƙananan kifaye masu tsayayyen fiffike a gadon baya, waɗanda ake sayarwa da sunan shak. Saboda haka tambaya ta fara isowa ga malaman ilimin halittu: wane irin shak ne ya dace a ajiye a gida, kuma tanki mai girma nawa yake bukata?

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Shak na ainihi ba abin ajiyewa ba ne a gida ko a makaranta a wannan yanki namu. Daga cikin kifayen da ake kira shak a kanti ma, kaɗan ne suka dace da tankin falo. Ƙa'idar da nake so ɗalibai da malamai su riƙe ita ce: ana auna tanki ne da girman da kifi zai kai idan ya manyanta, kuma ana yin awon ne tun kafin kuɗi su bar aljihu. Zan kawo hujjojina da lissafin da ɗan aji huɗu na sakandare zai iya bi da fensir da takarda.

Mene ne shak?

Shak jinsin kifi ne da ba shi da ƙashi. Gangar jikinsa guringuntsi ce ke riƙe da ita, irin wadda ke cikin kunnen mutum. Masana sun ƙidaya ire-irensa fiye da 500, kuma burbushin da aka tono ya nuna cewa danginsa sun fi shekara miliyan 400 a cikin teku. Mafi ƙanƙantarsu bai wuce santimita 20 ba, babbansu kuwa yakan zarce mita 12.

Abubuwa uku a halittar shak suna da muhimmanci ga batunmu. Na farko, ba shi da jakar iskar nan da ke taimaka wa karfasa ta tsaya cak a tsakiyar ruwa. Hantarsa mai yawan mai da kuma motsinsa su ne ke hana shi nutsewa. Na biyu, wasu ire-irensa ba sa samun isasshen numfashi sai suna tafiya baki buɗe, ruwa yana ratsa gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansu. Irin wannan kifi idan ya rasa filin iyo, to ya rasa iska. Na uku, shak yana tara sinadarin yuriya a cikin jininsa domin ya daidaita da gishirin teku, wanda ya kai kimanin giram 35 a kowace lita. Idan aka jefa shi a ruwan rijiya, ruwa zai riƙa kwarara cikin jikinsa, gishirin jininsa ya tsinke, ya mutu. Akwai wani mai suna Carcharhinus leucas da ke iya shiga ruwan daɗi, har ana samun sa a kogin Zambezi da tafkin Nikaraguwa, sai dai tsawonsa yana iya haura mita 3, kuma yana cikin masu haɗari ga mutane.

To mu kuwa muna zaune ne fiye da kilomita 600 daga bakin teku. Duk wanda zai ajiye shak na ainihi a Kudan, dole ne ya ƙirƙiri ɗan ƙaramin teku da hannunsa, ya kuma tsare shi dare da rana.

Masu aron suna

Yawancin abin da ake sayarwa da sunan shak kifin ruwan daɗi ne mai ƙashi, daga kudu maso gabashin Asiya. Siffa ce kawai ta jawo masa sunan. Uku daga cikinsu sun fi yawo a kasuwa.

Akwai baƙi mai jan wutsiya, Epalzeorhynchos bicolor, ɗan asalin ƙasar Tailan. Tsawonsa yakan tsaya a tsakanin santimita 12 zuwa 15. Mafaɗaci ne, ba ya son ganin ɗan'uwansa a kusa, don haka ɗaya ake ajiyewa, a tankin da tsawonsa ya kai santimita 120.

Akwai mai launin azurfa da baƙin baki a fikafikai, Balantiocheilos melanopterus, wanda 'yan kasuwa ke kira bala. Shi yakan kai santimita 35, yana da gudu da tsalle, kuma a garke yake rayuwa. Wanda ya sayi ɗaya ya zalunce shi da kaɗaici, wanda ya sayi biyar kuwa yana bukatar tanki mai tsawon mita 2 ko fiye.

Na ukun shi ne babban tarko, wato Pangasianodon hypophthalmus, mai sheƙin jiki. Wannan ɗan'uwan tarwada ne daga kogin Mekong, kuma a ƙasar Biyetnam a manyan tafkuna ake kiwon sa don ci. A kanti za a gan shi kamar ɗan yatsa, amma yana iya kai santimita 130, nauyinsa ya haura kilo 40. Ga shi da firgita: ƙofa ce za ta buga, sai ya zabura ya gwabza kansa da gilashi. Babu falon da zai ɗauke shi.

Lissafin ruwa

Gano yawan ruwan tanki ba shi da wuya. A ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Tanki mai santimita 120 da 45 da 45 yana cin lita 243. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan wannan tanki ya kusa nauyin buhun siminti biyar, ban da gilashi da yashi. Wanda zai ɗora shi a kan teburin karatu sai ya sake tunani.

Yanzu mu ɗauki shak na ainihi mafi sauƙin hali, irin masu kwanciya a ƙasa na dangin Chiloscyllium da Hemiscyllium, waɗanda su ne masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka suka fi ajiyewa. Waɗannan sukan kusanci mita ɗaya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce tsawon tanki ya ninka tsawon kifi sau uku, faɗinsa kuma ya ba kifin damar juyawa ba tare da ya lanƙwashe ba. Mu ce mita 3 a tsawo, mita ɗaya da rabi a faɗi, santimita 60 a zurfi. Wannan lita 2,700 ke nan, wato jarka 108 mai cin lita 25. Gishirin da za a narka ya kai kilo 94 da rabi. Gishirin miya ba ya yi, domin ruwan teku yana ɗauke da maganiziyam da kalsiyam da fotashiyam da salfet a bisa wani ma'auni, sai an sayo haɗi na musamman daga waje. Bayan haka, kowane mako biyu za a zubar da kashi ɗaya cikin goma a sake sabo: lita 270 da gishiri kilo tara da rabi, shekara da shekaru. Wasu littattafan masu kiwo suna sauko da ma'auni zuwa kimanin lita 700. Ko a hakan, jarka 28 ce, da gishiri kusan rabin buhu.

Akwai wani lissafin da mai saye yakan manta. Nauyin kifi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawonsa. Idan tsawo ya ninka biyu, nauyi yakan ninka kusan takwas, domin jikin yana ƙaruwa ta tsawo da faɗi da kauri a lokaci guda. Kifin da aka saya yana santimita 6, ranar da ya kai 60 nauyinsa ya ninka kusan sau 1,000. Abincinsa da kashinsa da iskar da yake shaƙa duk sun ƙaru ninkin-ba-ninkin, tankin kuwa yana nan yadda yake.

Iska, dafi da zafi

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce. A cikin ruwa kuwa 'yar kaɗan ce: kimanin miligiram 9 a lita idan zafin ruwan digiri 20 ne, ta sauko zuwa kimanin 7 da rabi a digiri 30. Ruwan gishiri ya fi haka ƙaranci. Abin lura shi ne, zafi yana rage oksijin a daidai lokacin da yake ƙara wa jikin kifi bukatarta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a ƙasar Zazzau ke kusantar digiri 40, tankin da injin hura iskarsa ya tsaya na 'yan sa'o'i zai iya zama kabari. A Disamba da Janairu kuma sanyin hunturu yana saukar da ruwa ƙasa da digiri 24 zuwa 28 da kifayen teku masu ɗumi ke so. Ke nan da bazara a sanyaya, da hunturu a ɗumama, kuma duka da lantarki. Mai karatu ya fi ni sanin yadda wuta take a unguwarsu.

Sai batun dafi. Kifi yana fitar da amoniya, kuma amoniya guba ce gare shi. A kogi ruwa ke tafiya da ita. A tanki wasu ƙwayoyin bakteriya ne, irin su Nitrosomonas, ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyi a jikin matacin ruwa suke zama, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita, kuma su ma oksijin suke bukata. Idan famfo ya daɗe a tsaye sai su mutu, amoniya ta taru, kifi ya bi su. Shak mai cin nama ne, don haka ƙazantar da yake fitarwa ba kaɗan ba ce.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce: ai a nan garin muna zuba ɗaruruwan tarwada a ɗan ƙaramin tankin siminti ko na roba, suna girma lafiya, muna kai su kasuwa. Gaskiya ne. Amma tarwada, Clarias gariepinus, tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta, mai rassa kamar bishiya, wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa ake ganin ta tana leƙowa saman ruwa, shi ya sa kuma take daɗewa a cikin taɓo bayan ruwa ya janye. Shak ba shi da wannan baiwa. Bugu da ƙari, mai tarwada yana sauya ruwa a kai a kai da ruwan burtsatse mai araha, kuma cikin 'yan watanni ya kwashe kifinsa. Mai shak ya ɗauki nauyin dabbar da za ta yi shekaru masu yawa.

Wani zai ce: kifi ba ya wuce girman tankinsa. Wannan magana ta halaka kifaye da yawa. Abin da ke faruwa shi ne ƙazantar ruwa da ƙunci suna tauye girman kifi, su raunana garkuwar jikinsa, su gajarta kwanansa. Manomin rake a Maƙarfi ya san abin da ke faruwa idan aka cunkusa shuka aka hana ta taki da ruwa: kara zai fito siriri. Ba wanda zai ce raken ya daidaita kansa da gona ne. Tsumburewa ya yi.

Wani kuma zai ce: idan ya yi girma sai in kai shi gidan ajiye kifi. Manyan gidajen ma da ƙyar suke. A shekarar 2004 gidan kifi na Montare a jihar Kalifoniya ta Amurka ya ajiye wata 'yar ƙaramar farar shak a tanki mai kusan lita miliyan 4, ta yi kwana 198, aka mayar da ita teku a 2005 bayan ta fara kashe maƙwabtanta. A Janairun 2016 gidan kifi na Okinawa a Japan ya karɓi wani babba mai mita uku da rabi, ya mutu bayan kwana uku. Tankin da ake ajiye manyan shak a birnin Atlanta, wanda aka buɗe a 2005, yana cin kusan lita miliyan 24. Inda masu wannan ƙarfi suke taka-tsantsan, mai jarka da janareta ba shi da ta cewa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta malamin da zai ce ganin shak da ido zai sa yara su ƙaunaci kimiyya. Ina girmama wannan niyya. Amma darasin da yaro zai ɗauka daga kifin da ke dukan gilashi har ya mutu a zangon karatu na biyu shi ne rai abin wasa ne. Kuɗin da za su tafi a gishiri da man janareta kuwa sun isa su sayo wa ɗakin gwaji madubin ƙara girman abu da kayan awon ruwa.

Abin da ya wuce falo

Wannan magana ba ta tsaya a kan aljihun mai saye ba. Binciken da aka fitar a 2021 a kan jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ire-iren shak da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma babban dalili shi ne yawan kamu. Da yawansu ba sa balaga da wuri, kuma 'ya'ya kaɗan suke haifa. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a 2022 an ƙara ire-iren shak masu yawa cikin waɗanda cinikinsu tsakanin ƙasashe ke bukatar izini, kuma Nijeriya tana cikin wannan yarjejeniya. Shi kansa baƙin nan mai jan wutsiya ya kusa ɓacewa a kogunan Tailan, waɗanda ake sayarwa a gonakin kifi ake haifar su.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na ranar da kifi ya fi ƙarfin tanki. Mai shi ba ya son kashe shi, sai ya ɗauke shi a bokiti ya juye a rafi ko a madatsar ruwa, yana ganin ya yi aikin alheri. Yankinmu yana kusa da mararrabar ruwa biyu. Abin da ya faɗa kogin Galma zai bi kogin Kaduna ya shiga Kwara. Abin da ya gangara arewa kuwa zai bi kogunan ƙasar Kano zuwa Haɗeja, a kan hanyar tafkin Cadi. Baƙon kifi yana iya zuwa da cuta, ko ya cinye abincin na gida. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, wanda a da babu shi a can. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ire-iren ƙananan kifayen tafkin kimanin 200 sun ɓace ko sun kusa. Giwan ruwa a Argungu abin alfahari ne, a Biktoriya ya zama annoba. Kada a taɓa sakin kifin kanti a ruwan Allah.

Abin da ya kamata mu ajiye

Ban zo in kashe wa kowa sha'awa ba. Ina ma kowace makarantar sakandare a Ikara da Maƙarfi da Kudan tana da tankin kifi a ɗakin gwaji. Abin da nake kira a kai shi ne mu waiwayi namu. Kifayen ado da ake fitarwa daga Legas zuwa Turai na kogunanmu ne: Gnathonemus petersii mai haɓa kamar hancin giwa, wanda ke lalubar hanya da 'yar wutar lantarkin jikinsa, da Pantodon buchholzi mai fikafikai kamar malam-buɗe-littafi, da Fundulopanchax gardneri mai ɗigon ja, wanda bai wuce santimita 7 ba. Akwai ma wani ɗan mitsitsi, Pronothobranchius kiyawensis, da aka raɗa wa suna a 1928 daga kogin Kiyawa. Yana rayuwa ne a kududdufan damina, ƙwansa ya kwanta a busasshen taɓo duk tsawon rani, ya ƙyanƙyashe idan ruwa ya sauka.

Tankin nan mai lita 243 ya isa a ajiye 'yan karfasa ƙanana huɗu ko biyar, a rage su idan sun girma. Ɗalibai za su ga uwar karfasa tana renon ƙwai a cikin bakinta. Za su ga wani nau'in ƙurungu yana iyo a rigingine. Za su auna zafin ruwa safe da rana, su ƙidaya numfashin kifi a minti ɗaya, su zana jadawali, su ga zagayen naitirojin da suke haddacewa don jarrabawar WAEC da NECO yana aiki a gabansu. Minjirya da gaiwa da giwan ruwa kuwa a bar su a kogi, domin ƙa'idar da ta hana shak ita ce ta hana su.

Wajen haɗa tankin, a ajiye shi inda rana ba ta dukansa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana ya wuni a buɗe domin kulorin ya fita, na burtsatse kuma a hura masa iska. A samo ɗan injin iska mai batir ko mai aiki da sola. A fara da kifi kaɗan, a ba su abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku. A tsara wanda zai kula da su lokacin hutu. Kifin kuma a samo shi ta hannun masunta da sanin Sarkin Ruwa. Kada a tura yara cikin kududdufi, saboda tsargiya. Malamin da ke neman ƙarin bayani yana da masanan ilimin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a gefen tafkin Kainji.

Kammalawa

Duk wanda ya tsaya a gaban mai sayar da kifin ado, ya yi masa tambaya uku. Mene ne sunan wannan kifi na kimiyya? Santimita nawa yake kaiwa idan ya manyanta? Ruwan daɗi yake so ko na gishiri? Idan mai kanti bai sani ba, a bincika kafin a saya. Idan amsa ta zo, a zauna a yi lissafin lita da jarka da wuta. In lissafi bai fita ba, a haƙura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin karkara ba ya sayen maraƙi sai ya san inda zai ɗaure shi idan ya zama sa, kuma kifi bai fi sa rashin haƙƙi a kanmu ba don kawai ba ya kuka. Ina roƙon malaman kimiyya su mayar da wannan lissafi aikin aji a wannan zango: kowane ɗalibi ya zaɓi kifi ɗaya, ya nemo iyakar girmansa, ya fitar da tankin da ya dace da shi, sannan ya faɗa wa aji ko gidansu zai iya ɗauka.